A Bar Mana Iyafis Ɗinmu a Laburare

Saura kwana goma sha biyu a fara jarrabawar zangon da ya wuce aka tashe ni daga laburare. Ina zaune a teburin ƙarshe, wanda ke jikin taga, na baje takardun darasin haraji ina fama da lissafin da na yi sati uku ina gudunsa. Ashe Baba mai kula da ɗakin ya zo ya tsaya a kaina, ya yi magana har sau biyu ban ji ba. Sai da ya ƙwanƙwasa tebur da biro na ɗago.

"Ke 'yar nan, mene ne a kunnenki?"

Na zaro iyafis daga cikin hijabi na ce, "Yi haƙuri Baba, ƙarar ruwan sama ce kawai."

Ya dubi taga. Watan Maris ne, rana ta take kamar za ta fasa kai. Ya sake dubana ya ce, "Ruwan sama? Yanzu?" Sai ya nuna mini takardar da aka manna a bakin ƙofa, wadda ta hana amsa waya da sa abin ji a kunne, ya ce ko in cire ko in fita. Na cire. Na zauna kusan minti ashirin ina kallon layi ɗaya, ina jin wani yana jan majina a bayana, wata tana ƙas-ƙas da cingam, ga fanka ɗaya mai ƙiiƙ a duk zagaye. Daga ƙarshe na tattara kayana na tafi, kuma ranar ban ƙara karanta ko shafi ɗaya ba.

Ban riƙe Baba a zuciya ba, doka aka ba shi ya tsare, ya kuma tsare ta. Dokar ce nake so mu sake dubawa, domin an kafa ta ne bisa zaton cewa shiru yana yi wa kowa amfani iri ɗaya, alhali ba haka abin yake ba.

Ina da lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, wanda a wajen wasu yake haɗuwa da rashin iya zama da saurin aikata abu kafin tunani. Ban san sunanta ba sai a shekarar IT, bayan na gama ND da ƙyar da jiɓin goshi, ina da shekara 23. Kafin nan sunayen da na sani daban ne: mai shiririta, uwar mantuwa, kunnen ƙashi. In ɗora tukunya in manta har ta ƙone. A aike ni sayen magi in dawo da ashana. Matar da na yi IT a ƙarƙashinta ce ta lura cewa na iya aikin sarai, amma sai in tsallake layi uku a tsakiyar lissafi ban sani ba. Ɗanta yana da irin wannan, shi ya sa ta gane, ta ce in je in ga likitan ƙwaƙwalwa. Zama uku muka yi da likitan, har sai da ya sa na zo da Umma ta ba da labarin yarintata, domin ƙa'idar ita ce alamomin su kasance sun bayyana tun kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta.

Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan yara biyar cikin ɗari suna da wannan lalura, a manya kuma tsakanin mutum biyu zuwa uku cikin ɗari. Ku lissafa da kanku. A babban ɗakin lakca mai ɗalibai ɗari biyu, ana maganar mutum biyar ke nan, kuma yawancinsu ba su taɓa jin sunan abin da ke damunsu ba. Mu mata mun fi ɓacewa, saboda da yawanmu ba ma hawa tebur ko tsokanar aji, muna zaune lafiya lau, hankalin ne ya yi tafiyarsa. Kuma kada wani ya ce cutar zamanin waya ce. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya rubuta bayanin mutanen da hankalinsu ba ya zama, har ya ambaci cewa haushin kare kaɗai ya isa ya wargaza su. Ranar da na karanta wannan sai da na yi dariya, na ce ashe shekara ɗari biyu da suka wuce ma akwai mai jan majina a bayan wani.

To bari in faɗa muku yadda shirun laburare yake a kunnen irina. Da farko dai ba shiru ba ne. Wuri ne da aka kashe manyan ƙararraki, sai ƙanana suka samu fili: tari, jan kujera, buɗe leda, raɗa, takun takalmi. Mai lafiyayyen hankali ƙwaƙwalwarsa tana tace waɗannan ta zubar ba tare da ya sani ba. Tawa kuwa kowanne ta ji sai ta amsa, kamar an kira sunana. Idan kuma aka samu shiru na gaske, irin na ƙarfe ukun dare a hostal bayan an ɗauke wuta, sai surutun ciki ya taso: bashin da ake bina, maganar da na faɗa wa wata a aji uku na sakandare, me ya sa ake ce wa tumatir tumatir. Wallahi ba ƙari na yi ba.

Masana suna da bayani a kan wannan. Wata mai bincike a Amurka, Sydney Zentall, ta kawo ra'ayi tun a 1975 cewa ƙiriniyar yaran nan ba yawan kuzari ba ce kawai, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta samun motsawar da ta ishe ta daga aikin da ke gabanta, sai ta fita nema. Daga baya aka danganta hakan da sinadarin dofamin, wanda ke da hannu wajen sa mutum ya ji aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Ni yadda na fahimce shi, kamar ki je unguwa ne da yaro mai ƙiriniya. Idan kika zaunar da shi hannu rabbana kika ce ya yi shiru, to ba za ki yi hirar da ta kawo ki ba, yanzu ya jawo labule, anjima ya kifar da kwano. Amma ki ba shi ɗan abin da zai riƙa juyawa a hannu, sai ki samu sararin magana. Ƙarar ruwan saman da ke kunnena ita ce abin wasan yaron.

Kuma mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Kakata ba ta taɓa yin niƙa a dutse bakinta shiru ba. Matan gida idan sun haɗu a turmi lugude suke yi, taɓarya na amsa taɓarya, aikin da zai gundure mutum ɗaya sai ya wuce ba a ji ba. A gayya kuwa da gangar noma ake shiga gona. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa sauti mai tsari yana riƙe mutum a kan aiki mai maimaituwa. Sai dai a lura, daka da noma aikin hannu ne. Karatu aikin kalmomi ne, kuma a nan ne maganar take rabuwa biyu.

Bari mu fara da ɓangaren da ke goyon bayana. A 1996 Howard Abikoff da abokan aikinsa a Amurka suka ba yara maza 40 lissafi, rabinsu masu ADHD, rabi marasa ita. Kowa ya yi a yanayi uku: cikin shiru, ana magana a gefe, da kuma ana sa kiɗan da yake so. Marasa lalurar ba su nuna wani bambanci ba. Masu ita kuwa sun fi ƙoƙari da kiɗa, sai dai waɗanda aka fara musu da shi ne kawai suka ƙaru. A 2007 Göran Söderlund da abokansa a Suwidin suka gwada wani abu da ba kiɗa ba ma. Suka sa wa yara 42 abin da ake kira farar ƙara, irin shuuu ɗin da rediyo ke yi idan ba ta kama tasha ba, suka gwada yadda suke tuna jimloli. Masu ADHD suka ƙaru, marasa ita suka ragu. Ƙara ɗaya, ɗaki ɗaya, sakamako ya juya wa juna baya. A 2024 Joel Nigg da tawagarsa a jihar Oregon suka tattara bincike 13 da aka yi a kan mutum 335, yara da matasa 'yan jami'a, suka samu abu guda: farar ƙara da 'yar uwarta mai ɗan kauri, wadda ta fi kama da saukar ruwan sama, suna taimaka wa masu ADHD, suna kuma ɗan rage ƙoƙarin marasa ita. Amma sun faɗa ƙarara cewa taimakon ƙarami ne. Ni ma ina maimaitawa, ƙarami ne. Ba zai mai da mai neman tsira ya zama na ɗaya a aji ba. Sai dai wanda ke tsakanin cin darasi da maimaita shi ya san darajar ƙaramin abu.

Yawancin gwaje-gwajen nan a kan yara aka yi, na manya bai kai su yawa ba. Wanda ya fi kusa da shekarunmu shi ne na Jami'ar Montiriyal a Kanada, da aka buga a 2025, inda aka tambayi matasa 434 masu shekara 17 zuwa 30 yadda suke sauraron kiɗa. Waɗanda alamominsu suka yi daidai da ADHD sun fi sauran sa kiɗa lokacin karatu, kuma sun fi son mai motsa jiki a kan mai sanyaya rai. To amma wannan tambaya ce aka yi, kowa ya faɗi abin da yake ji. Ba a zaunar da su an auna ko sun fi fahimta ba. Jin daɗin karatu daban, shigar karatu kai daban, kuma duk wanda ya taɓa fitowa daga karatun dare yana jin kansa farfesa, washegari ya ga takardar tambayoyi ya nemi abin da ya karanta ya rasa, ya san me nake nufi.

Yanzu ga ɓangaren da ba zai yi wa 'yan uwana masu iyafis daɗi ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Lokacin da kake karatu, ko ba ka buɗe baki ba, kana furta kalmomin a cikin kanka. Waƙa mai baiti ta wannan ƙofar ita ma take shiga. Pierre Salamé da Alan Baddeley sun nuna a 1989 cewa kiɗa mai murya ya fi kiɗa zalla ɓata wa mutum riƙe jerin lambobi. A 2014 Nick Perham da Harriet Currie a birnin Kadif na Birtaniya suka ba ɗalibai rubutu su karanta su amsa tambayoyi. Sun fi ƙoƙari cikin shiru da kuma da kiɗa mara murya. Waƙa mai baiti ta rage musu fahimta, kuma ba ruwanta da ko suna sonta ko ba sa so. Wato cewar da muke yi "ai waƙar da na fi so ce, ba ta damuna" ba hujja ba ce. Masu fakewa da waƙar Indiya su ce ai ba sa jin yaren, su ma ba su tsira duka ba. Tun a 1976 aka gwada sa wa ɗalibai masu jin Turanci magana da Jamusanci, yaren da ba sa ji, kuma duk da haka ta ɓata musu haddar jeri. Gaskiya ne yaren da kake ji ya fi yin ɓarna idan fahimtar rubutu ake nema, amma wanda ba ka ji ma ba kyauta yake wucewa ba. Balle mu da muka haddace rabin waƙoƙin da ka.

Akwai kuma binciken William Pelham na 2011, wanda na fi girmamawa saboda bai yi wa kowa daɗin baki ba. A ajin gwaji suka sa wa yara maza masu ADHD kiɗa, wani lokaci kuma bidiyo. Bidiyo dai ya wargaza su, wannan ba gardama, masu buɗe fim a gefen handaut sai su ji. Kiɗa kuwa ya raba su: wasu suka ƙaru, wasu suka ragu. Suka sake gwadawa da yara 86, abin ya sake fitowa haka. Ma'ana ko a cikinmu masu lalurar ba a taru an zama ɗaya ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shi ya sa na daina gardama da baki na gwada kaina. Na ɗauki sati biyu, kullum a lokaci ɗaya bayan la'asar, ina yin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, yau da shiru, gobe da waƙa, jibi da kiɗa zalla, gata da ƙarar ruwa, ina rubuta nawa na gama, nawa na ci. Abin da na gani ya ba ni kunya. Waƙoƙin soyayyar nan na Hausa da nake rantsuwa da su, da su na fi daɗewa a zaune, kuma da su na fi tafka kuskure. Ina zaune ne kawai ina jin daɗi, biro na yawo. Na gwada Shata, abin ya fi muni, domin shi labari yake ba ka, ba yadda za a yi ka bar shi a tsakiya ka koma dokar kamfanoni. Kiɗa zalla mai bugu ɗaya, wanda na sani har ya daina ba ni mamaki, ya yi mini amfani a aikin da hannu ya riga ya saba: shigar da lissafi a littafi, jera lambobi, kwafe rubutu, cike tebur a kwamfuta. Amma duk abin da ke buƙatar in karanta sakin layi in gane, irin dokar kasuwanci ko darussan GNS, ƙarar ruwa ce kawai ta yi. Wata ƙawata da likita ya tabbatar mata da lalura iri ɗaya da tawa ta gwada, ita ƙarar ruwan ma ciwon kai take sa mata. Audugar toshe kunne take sawa, ta fi son ta ji ba ta jin komai.

Na san akwai waɗanda tun daga kanun rubutun nan suka ɓata rai, domin a fahimtarsu ta addini kiɗa ba abin da za a yi wa talla ba ne. Ina girmama wannan, kuma ba ni da ilimin da zan shiga saɓanin malamai. Abin da zan ce kawai shi ne hujja mafi tsari da ake da ita ba a kan kiɗa take ba, a kan ƙara ce mara baiti mara kiɗa: shuuu ɗin rediyo, saukar ruwa, kaɗawar fanka mai lafiya. Babu wanda ya ce sai da ganga. Wasu kuma za su ce a sa karatun Alƙur'ani mana. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya tuna mini da ayar da ke kusa da ƙarshen suratul A'araf da ta yi umarni a saurara a yi shiru idan ana karanta shi, ya ce bai dace a mai da shi abin toshe kunne ana lissafin haraji ba. Ta fuskar ƙwaƙwalwa ma maganar ta yi daidai, domin duk wanda ya haddace surar zai tsinci kansa yana bi. Ni yanzu kafin in fara nake saurara, in natsu, in kashe, sannan in buɗe littafi.

Akwai gaskiyar da dole in ba masu dokar. Iyafis jikin waya yake, waya kuwa ita ce babbar abokiyar gabar mai irin lalurata. Sau nawa na ɗauka don in canza sauti, na farka bayan minti arba'in ina kallon yadda ake girkin wata ƙasa a TikTok? Dabarar da na samu ita ce in sauke sauti ɗaya mai tsawon awa biyu, in kashe data, in jefa wayar cikin jaka in zuge. In kana zaɓen waƙa duk bayan minti huɗu, to ba karatu kake ba, DJ ka zama. Sai maganar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a sati, idan ya kai 90 kuma awa huɗu kacal. Mu da muke ƙure murya don mu danne janareta mu ne a sahun gaba. Ranar da Baba ya yi mini magana sau biyu ban ji ba, laifina ne, na ƙure da yawa. Yanzu ba na wuce rabi.

Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya ce ya samu magani. A binciken Pelham ɗin nan, maganin metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, ya taimaka wa yaran ko da kiɗa ko babu. Sauti ɗan tallafi ne, ba ya maye gurbin likita, barci, ko tsara lokaci. Haka nan ba duk wanda hankalinsa ke gudu ne yake da ADHD ba. Wanda ya kwana yana hira a WhatsApp, wanda bai karya ba, wanda damuwar kuɗin makaranta ta cika masa kai, duk za su kasa karatu. Bidiyon minti ɗaya ba ya gano cuta. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, amma akwai su a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Kware da Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne. Ni na je, ga ni ina rubuta muku da hankalina. Abin da ya fi hauka kusa shi ne karɓar ƙwaya daga hannun aboki wai don ido ya buɗe a karatun dare, mun kuma ga inda hakan ya kai wasu.

Sai ku, masu sifika a hostal. Ina jin har kun fara murna za ku ce "kin ji ko, kimiyya ta ce kiɗa na taimakawa." A'a. Abin da binciken ya nuna shi ne ƙarar da ta taimaki ɗaya ta cutar da na kusa da shi, kuma marasa lalurar su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Waƙar da wani ya zaɓa, da ƙarfin da ya zaɓa, a lokacin da ya zaɓa, ni ma wargaza ni take yi fiye da kowa. Ɗaki mai mutum takwas, ɗaya ya kunna sifika ƙarfe sha ɗayan dare ana gobe gwaji, wannan zalunci ne ko da wa'azi ya sa. Iyafis kuwa shi ne sulhun: kowa da abinsa a kunnensa, ɗakin ya zauna shiru ga mai son shiru. Abin mamaki, abin da ke kawo sulhun shi aka hana a laburare, sifikar hostal kuwa ba mai ce mata kanzil.

Kuma a faɗi gaskiya, dokar ba ta ma aiki daidai. Rabin 'yan matan da ke laburare akwai abu a kunnensu ƙarƙashin hijabi, kowa ya sani. Ni tsautsayi ne ya sa aka kama ni. Maza ne ke shan ta, su da ba su da abin rufewa. Dokar da mayafi ke kayar da ita, ai gara a gyara ta kowa ya bi a fili.

Ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu su kai gaban hukumar makaranta, musamman mai kula da walwalar ɗalibai da mai kula da harkar karatu. A raba dokar biyu. Amsa waya, kallon bidiyo da duk sautin da na kusa zai ji, a ci gaba da hanawa, a ma tsananta. Iyafis kuwa a halatta shi da sharaɗi ɗaya mai sauƙin dubawa: in ma'aikaci ya tsaya kusa da kai ya ji abin da kake ji, ko ya yi maka magana ba ka ji ba, ka rage ko ka fita. In hukuma tana tsoron buɗe ƙofar gaba ɗaya, a ware ɓangare guda na zango ɗaya a gani. Kada kuma a ce sai mai takardar likita, domin yawancin masu buƙatar ba su da ita, ba kuma za su samu kuɗin nemanta a wannan zangon ba, sannan ba kowa ke son a san sirrinsa a bakin ƙofar laburare ba. A ɗaya hannun, a sa lokacin kashe sifika a hostal a makonnin jarrabawa, a kuma tsare shi da gaske.

Ɗakin jarrabawa ban sa shi a roƙona ba, kuma ba zan sa ba, kowa ya san abin da za a yi da iyafis a can. Wannan ya bar mana matsala mu masu dogaro da sauti, domin ranar da ta fi muhimmanci cikin shiru za mu zauna, da tarin mutum ɗari biyu da takun masu sa ido. Abin da nake yi shi ne, satin ƙarshe nakan cire komai in yi tsofaffin tambayoyi da agogo a gabana, in saba da wahalar tun kafin ranar. Nakan kuma roƙi a bar ni in zauna a gaba ta gefen bango, inda ba na ganin motsin kowa. Darasin harajin nan dai na tsallake shi, ba da wani maki na a zo a gani ba.

Har yanzu ina shiga laburare aron littafi, karatun kuwa na mai da shi wani ajin da ba kowa a bayan sashenmu, in an kulle in koma gindin darbejiya. Baba ya gane ni sarai. Duk ranar da na miƙa masa kati sai ya leƙa waje ya ce, "Mai ruwan sama, yau ma ana yi ne?" In ce masa, "Baba, sai dai in kun ba da izini."